Yadda Ake Bin Salsalar Gidan da Ya Yi Tashe a Zamanin Turawa: Darasi daga Gidan Sarki Dikko na Katsina

Duk babban gidan da ka shiga a ƙasar Hausa ka tambayi asali, abin da za a fara ba ka shi ne jerin maza: wane ya haifi wane, wane ya haifi wane, har a dangana da wani malami da ya zo daga gabas ko wani gwarzo da ya karɓo tuta. Jerin yana da daɗin ji, kuma galibi akwai gaskiya a cikinsa. Amma ba zai gaya maka yadda aka yi gida ya samu iko ba, balle yadda ya riƙe shi daga zamanin Razdan, Baturen da ke mulkin lardi, zuwa na Sardauna, daga na soja zuwa na farar hula. Wannan amsar tana ɓoye ne a wurare uku da jerin mazan ba ya taɓawa: sarautun da aka riƙe, auren da aka ƙulla, da makaranta ko ofishin da aka zauna tare.

Zan bi matakan ɗaya bayan ɗaya, ina kafa misali da gidan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Na zaɓe shi ne saboda gida ne da sarautarsa ta fara a hannun Turawa, an rubuta labarinsa da yawa, kuma mutanensa sanannu ne, ba asirin kowa zan tona ba. Hanyar ɗaya ce ko gidan hakimi kake bi, ko na alƙali, ko na attajirin gyaɗa.

Mataki na farko: kafa turke

Kada ka fara da kakan da ya fi kowa nisa. Nan ne labari ya fi kauri, hujja ta fi siranta. Nemi mutum ɗaya wanda ya rayu tsakanin 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, da 1960, kuma wanda ya riƙe wani abu da ke sa a rubuta sunan mutum: sarauta, alƙalanci, aikin En'e, ko lasisin sayen gyaɗa. Shi ne turkenka. Daga gare shi za ka hau sama wajen iyaye, ka sauko ƙasa wajen jikoki.

A Katsina turken shi ne Dikko ɗan Gidado. Lokacin da Turawa suka iso, ba shi ne sarki ba, kuma ba daga gidan da ke sarauta ya fito ba. Sarauta tana hannun Dallazawa, zuriyar Ummarun Dallaje mai tutar Shehu. Dikko Basulluɓe ne, yana riƙe da sarautar Durɓi. Turawa suka tuɓe Sarki Abubakar, suka naɗa Yero, shi ma Badallaje, suka sake tuɓe shi a 1906, sannan suka ɗora Durɓi Dikko. Baturen da ya fi tsaya masa shi ne Palmer, wanda ke kula da Katsina a lokacin. Ka ga tun daga nan tambayarka ta fito da kanta: yaya aka yi gidan da ya hau gado ta wannan hanya ya kafu har sarauta ta zauna a cikinsa sama da shekara ɗari?

Rubuta irin wannan tambaya guda ɗaya a shafin farko na littafinka. Duk ranar da labarai suka yi maka yawa, ita za ta gaya maka wanda za ka ɗauka da wanda za ka bari.

Mataki na biyu: tsofaffi, kuma mata kafin maza

Takarda tana iya jiranka shekara goma. Tsohuwa ba za ta jira ba. Saboda haka kafin ka kashe kuɗin mota zuwa Kaduna, ka gama da bakin mutane.

Ba a faɗa wa babban gida kai tsaye da biro da takarda. Nemi wanda zai yi maka iso, ɗan gida ko wani dattijon da ake jin nauyinsa. Ka riƙe goro ko turare ko ɗan abin da ya sawwaƙa. Zuwan farko na gaisuwa ne kawai, ka faɗi abin da kake nema da dalilinka, ka nemi a sa maka rana. In za ka ɗauki murya da waya, ka nemi izini a fili, kuma daren ranar ka kwafe ta wani wuri. Na taɓa asarar hirar awa uku da wani dattijo saboda waya ta faɗa ruwa, kafin in koma kuwa ya riga mu gidan gaskiya.

Maza za su ba ka sarautu da yaƙe-yaƙe. Mata su ne suka san wace ce uwar wa. Na tuna wata tsohuwa da na zauna da ita a ƙofar ɗakinta, tana tsince shinkafa a faifai. Na karanta mata jerin 'ya'ya goma sha ɗaya da wani ɗan gidan ya ba ni. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ɗan nan, waɗannan ai ɗakuna huɗu ka haɗa wuri ɗaya." Sai ta shiga rarrabe su da yatsa a kan faifan: waɗannan uku 'yan ɗaki ɗaya ne, uwarsu 'yar alƙali ce, wannan shi kaɗai ne wurin uwarsa, wancan kuwa ba ma ɗan gidan ba ne, riƙo ne, ɗan ƙanwar maigidan ne. Na ce, "Iya, shi maigidan mene ne sunansa na yanka?" Ta yi dariya ta ce in tambayi wani, ita ba ta taɓa faɗa ba, ba yau za ta fara ba.

A cikin wannan 'yar hira akwai kusan duk tarkunan da ke kama mai bin salsala:

Alkunya. Mace ba ta faɗar sunan miji ko na ɗan fari, kuma yaron da aka sa wa sunan kaka da laƙabi ake kiransa har ya tsufa. Sai ka ga mutum ɗaya ya zama biyu a takardarka.

Takwara. A gida ɗaya za ka iya samun Usman huɗu da Muhammadu shida. Kada ka rubuta suna shi kaɗai. Kullum ka haɗa da laƙabi, da sunan uba, da ɗakin da ya fito.

Sarauta tana cinye suna. In aka ce maka "Durɓi ne ya yi kaza", tambayarka ta gaba ita ce, wane Durɓin? Na zamanin wane sarki? Dikko ya yi Durɓi, bayansa wasu sun yi, har da 'ya'yan gidansa. Wanda bai yi wannan tambaya ba zai ɗora wa kaka aikin jika.

Riƙo da agolanci. Yaron da ya tashi a gida ana kiransa ɗan gida, kuma a siyasa ɗan gida ne. A jini kuwa wurinsa daban. Ka rubuta duka biyun, kowanne a gurbinsa.

Kada ka raina maroƙa da makaɗan fada. Kirari ma'ajiya ce. "Ɗan wane, jikan wane, na wance" yakan riƙe sunan uwa ko gwaggo da ya ɓace a ko'ina. Amma ka sani maroƙi ba ya ambaton wanda aka tuɓe, kuma yakan tsallake uban da bai yi sarauta ba ya haɗa jika da kaka kai tsaye.

Mataki na uku: ɗaure labari da shekara

Tsofaffi ba sa cewa 1918. Cewa suke shekarar annobar mura. Ka rubuta wa kanka ɗan jadawali: zuwan Turawa 1903, tawayen Satiru 1906, isowar jirgin ƙasa Kano 1911, babbar yunwar 1913 zuwa 1914, mura 1918, yaƙin Hitila 1939 zuwa 1945, zuwan Sarauniya 1956, 'yancin kai 1960. Ka ƙara da shekarun hawa da rasuwar sarakunan garin da kake bincike. In aka ce an haifi wane "da shekara biyu bayan Sarki Dikko ya dawo Makka", ka san tafiyar da ya fi shahara da ita, wadda ya haɗa aikin hajji da ziyarar Ingila, a 1921 ce.

Wasiƙun fada da rubutun malamai da shekarar Hijira suke zuwa. Lissafin kusa shi ne ka ninka shekarar da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1324 za ta ba ka 1906, 1363 kuma 1944. Yana iya kuskurewa da shekara ɗaya, don haka in akwai wata da rana ka tabbatar da manhajar sauya kwanan wata.

Mataki na huɗu: takardun Turawa

Babbar ma'ajiyar Arewa ita ce Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Ka tafi da katin shaida, da takardar gabatarwa in kana da makaranta ko ƙungiyar da za ta ba ka, da fensir, da haƙuri mai yawa. Ka fara tambayar ƙa'idar ɗaukar hoto da kuɗin da ake biya kafin ka fito da waya. Ba a shiga a ce "ina neman kakana". Jerin fayil-fayil ake ba ka, ka bi shi layi-layi, ka rubuta lambar wanda kake so a ɗauko maka.

An jera takardun ne bisa ofishin da ya tara su. Na sakatariyar Lardunan Arewa suna ƙarƙashin SNP. Na kowane lardi kuma da sunansa: KANOPROF, SOKPROF, ZARPROF, KATPROF. A nan ne mutane da yawa ke ɓata mako guda a banza. Wanda ke neman Katsina zai nufi KATPROF ya tsaya nan. Alhali Katsina ba ta zama lardi mai zaman kanta ba sai 1934. Da farko tana ƙarƙashin Lardin Kano ne, a 1926 aka mayar da ita Lardin Zariya. Ke nan labarin tuɓe Yero da naɗa Dikko sai ka leƙa takardun Kano da na SNP. Kafin ka nemi kowane gida, ka fara sanin wane lardi garinsu yake a kowane zamani.

Takardu huɗu ne suka fi amfani ga mai bin zuriya.

Na farko shi ne littafin gunduma, wanda a jerin za ka gan shi da sunan District Notebook. Di'o, Baturen da ke ƙarƙashin Razdan, ne ke cika shi: tarihin gunduma, jerin hakimai da dagatai, dangantakarsu da sarki, wani lokaci har da zanen salsala da hannu. Na biyu rahoton ƙiyasin haraji, wanda ake yi ƙauye-ƙauye, yana faɗin waye dagaci, daga wane gida, mutum nawa ke ƙarƙashinsa. Na uku fayil ɗin naɗi da tuɓewa. Wannan shi ne nama. A cikinsa za ka ga su wa suka nemi sarauta, wa sarki ya so, wa Razdan ya so, da dalilin da aka ba Gwamna. Na huɗu kasafin kuɗin En'e, mai jerin ma'aikata da albashinsu. Mutane na tsallake shi don lissafi ne, amma babu takardar da ta fi shi nuna yadda gida ya bazu cikin hukuma: wannan ɗa ne ke riƙe da 'yan doka, wancan suruki ne a baitulmali, wancan ƙane ne a ofishin gona. Katsina kuwa tana da muhimmanci a nan, domin a can ne aka fara gwada tsarin baitulmali, zamanin Dikko da Palmer, kafin a yaɗa shi sauran masarautu.

Ka sa ido kan rubutun suna. Bature yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne. Katsina za ta zo maka a Katsena, Muhammadu ya koma Mohamman ko Mamman, Dikko ya zama Diko. Harufa masu ƙugiya babu su sam. Duk sunan da kake nema ka tanadi rubutunsa iri uku ko huɗu.

Sannan ka koyi karanta hukuncin Razdan. In ya rubuta cewa wane "mai biyayya ne, mai son ci gaba", ma'anarsa yana kawo haraji a kan lokaci kuma ba ya musu. In ya ce wane "mai makirci ne", yana iya yiwuwa mutumin ya ƙi abin da ya ga zai cuci jama'arsa ne, yana kuma iya yiwuwa da gaske azzalumi ne. Kada ka manta kuma Bature ta bakin tafinta da masinja yake ji, su kuwa suna da nasu iyayen gida a fada. Ka ɗauki suna da shekara daga takardar Bature da ƙwarin gwiwa. Hali da dalili kuwa sai ka auna su da abin da tsofaffi suka faɗa.

Ko shekarun ma sukan saɓa. Tuɓe Sarki Abubakar wasu sun rubuta 1904, wasu 1905. Hawan Dikko za ka ga 1906, za ka ga 1907. Wannan na biyun ba kuskure ba ne: an ɗora shi a ƙarshen 1906, aka tabbatar da shi a farkon 1907. Ranar zaɓe daban, ranar naɗi daban, ranar ba da sanda daban. Ka rubuta wacce kake nufi.

Kana Kaduna, ka shiga Arewa House, tsohon gidan Sardauna, inda ake ajiye takardun zamanin siyasar farko da kundayen binciken ɗalibai. Ka nemi tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939. Labarin naɗi, rasuwa, ɗaurin aure da sakamakon zaɓe duk suna ciki, kuma da Hausa, sunaye a rubuce daidai. Jihohi ma suna da hukumomin tarihi da al'adu, kamar ta Waziri Junaidu a Sakkwato da ta Kano a Gidan Ɗan Hausa. Wanda ke da hali ko ɗan'uwa a Ingila, wasiƙun da Gwamna ya aika Landan suna ma'ajiyar Kew da ke Landan, na Arewa kafin haɗewar 1914 a ƙarƙashin CO 446, na bayan nan a CO 583. In gidan yana ɓangaren Nijar ne, takardun da Faransanci suke, ana samunsu a Yamai, da Dakar, da Aix-en-Provence a Faransa.

Mataki na biyar: zana layi uku, ba ɗaya ba

Samo babbar takarda, irin ta kwali, da biro kala uku.

Baƙi na jini ne. A misalinmu: Dikko ya yi sarauta har ya rasu a 1944. Ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi, daga 1944 zuwa 1981. Sai Muhammadu Kabir Usman daga 1981 zuwa 2008, sai Abdulmumini Kabir Usman daga 2008. Uba, ɗa, jika, tattaɓa-kunne. A ƙarƙashin kowane suna ka rubuta duk sarautar da ya riƙe kafin ta ƙarshe. Da ka yi haka wani abu zai fito maka wanda jerin sarakuna kaɗai ba ya nunawa: Nagogo, da Kabir, da Abdulmumini duk sun yi Magajin Gari kafin su hau gado. Ka gano matakalar gidan ke nan. Kowane gida yana da irin tasa, a wani wuri Ciroma ce, a wani Ɗan Iya ko Galadima.

Ja na aure ne. Nan ne aikin ya fi wuya, nan ne kuma ribar take. Ɗauki gidan 'Yar'aduwa. A jerin maza, gidan Matawalle ne, daban da gidan sarki. Amma tarihin gidan ya nuna matar Matawalle Umaru, wato kakar Shehu Musa 'Yar'aduwa da Umaru Musa 'Yar'aduwa ta wajen uba, 'yar'uwar Sarki Dikko ce. Da ka ja wannan jan layi guda ɗaya, sai ka ga Musa 'Yar'aduwa, ministan harkokin Legas a Jamhuriya ta Farko, da Shehu Musa 'Yar'aduwa, na biyu a gwamnatin soja daga 1976 zuwa 1979, da Umaru Musa 'Yar'aduwa, gwamnan Katsina daga 1999 zuwa 2007 kuma shugaban ƙasa har rasuwarsa a 2010, duk sun shigo takardarka ta ƙofar mace ɗaya. Wanda ya bi maza kawai ba zai taɓa ganin wannan ba.

Shuɗi na makaranta da aiki ne. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920 kuma daga baya ta koma Kaduna sannan Zariya ta zama Barewa, ta haɗa 'ya'yan sarakuna da na malamai daga duk Arewa a ɗaki ɗaya. Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk can suka yi. Isa Kaita, Wazirin Katsina kuma ministan ilimi na Jihar Arewa, shi ma ɗalibinta ne. Abotar aji ɗaya ta sha yin aikin da jini bai yi ba. Haka aikin soja: Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Nagogo, ya yi horo a makarantar soja ta Sandhurst a Ingila, ya zama gwamnan soja na Jihar Arewa a Janairun 1966, daga baya ya shugabanci rundunar sojan ƙasa. Ka dubi abin da kyau: a shekarar da aka kashe Sardauna gwamnatin jam'iyyarsa ta NPC ta rushe, wanda aka miƙa wa Arewa jikan Dikko ne. Kada ma ka manta da filin folo, wanda gidan ya shahara da shi tun zamanin Dikko da Nagogo. A kan doki an saba da Turawa da hafsoshin soja fiye da yadda aka saba a ofis.

Mataki na shida: kada jini ya yanke maka hukuncin siyasa

Kuskuren da na fi gani a rubuce-rubucen intanet shi ne a ce tunda wane ɗan sarauta ne, to ɗan NPC ne, ko tunda surukin wane ne, to shi ya ba shi muƙami. Galibi sarakuna da ma'aikatan En'e sun tsaya wa NPC, wannan gaskiya ne, jam'iyyar NEPU kuwa da aka kafa a Kano a 1950 adawa da tsarin En'e ta fito yi. Amma galibi ba duka ba ne. Dakta Yusufu Bala Usman, masanin tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, mahaifinsa Durɓin Katsina ne, ɗan'uwan Sarki Nagogo, mahaifiyarsa kuma 'yar Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Jinin gidajen sarauta biyu ke nan. Duk da haka ya yi rayuwarsa yana sukar masu mulki, kuma da jam'iyyar PRP ya yi aiki, har ya zama sakataren gwamnatin Jihar Kaduna a zamaninta. Wanda ya yi hasashe daga salsala kawai zai ajiye shi a inda bai taɓa zama ba.

Don haka kowace alaƙar siyasa sai da tata hujjar: sunansa a jerin 'yan takara, ko a kundin muhawarar Majalisar Wakilai ko ta Sarakuna a Kaduna, ko a Gazet, wato takardar sanarwar gwamnati, ko a jarida, ko shaidar mutum biyu da ba gida ɗaya suka fito ba. Ni alama uku nake sawa a gefen kowane layi. Tauraro, in takarda da baki sun yarda. Ɗigo, in ɗaya ne kawai ya faɗa. Alamar tambaya, in sun saɓa. Kada ka goge alamar tambaya don zanen ya yi kyau.

Wani abu kuma: mata ba su yi zaɓe a Arewa a Jamhuriya ta Farko ba, saboda haka ba za ka same su a takardun zaɓe ba. Rashin sunansu a nan ba ya nufin ba su da hannu. Sau da yawa maganar wa za a naɗa a ɗakin uwar soro ake gama ta.

Mataki na bakwai: nemi waɗanda suka faɗi

Duk gidan da ya hau, akwai wanda ya sauka. In ka rubuta tarihin Sulluɓawan Katsina ba ka zauna da Dallazawa ba, rabin labari ka ji. Su ma Dallazawan akwai waɗanda suka tarar: sarakunan Haɓe da jihadi ya kora, waɗanda suka je suka kafa Maraɗi, inda har yau ake kiran sarkin da Sarkin Katsina. Zuriyar gari ɗaya, iyaka ta raba takardunsu, rabi da Turanci rabi da Faransanci.

In kaka ya ɓace daga jeri kwatsam wajen 1903, akwai wurare biyu da za ka fara dubawa. Lokoja, inda Turawa suka riƙa kai sarakunan da suka tuɓe, kamar Sarkin Kano Alu da Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi. Ko kuma gabas: waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira, bayan yaƙin Burmi wasunsu sun zarce har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin Shuɗin Nilu.

Akwai kuma waɗanda ba faɗuwa suka yi ba, rufe su aka yi. Manyan mutane da dama 'ya'yan sa-ɗaka ne, kuma a shari'a ba su da bambanci da 'ya'yan matan aure wajen nasaba ko gado. Bayin sarki da cucanawa sun riƙe manyan muƙamai a fada. Amma maganar tana da zafi har gobe. Ka rubuta a littafinka na sirri yadda aka gaya maka, da wanda ya gaya maka. Abin da za ka fitar wa duniya kuwa, sai ka shawarci masu abin.

Mataki na takwas: rubutawa da mayarwa

Kowane mutum ka ba shi shafinsa: sunan yanka, laƙabi, uba, uwa da gidan da ta fito, sarautu da shekarunsu, matan aure, 'ya'ya ɗaki-ɗaki, sannan inda ka samo kowane bayani, ko lambar fayil ko sunan dattijo da ranar hira. In ka fi son kwamfuta, akwai manhajojin salsala na kyauta irin su Gramps, sai dai ka duba ta karɓi mata huɗu da riƙo ba tare da ta rikice ba, kuma ka riƙe kwafin takarda.

Waɗanda ke raye kuma ba su riƙe muƙamin jama'a ba, kada ka sa ranar haihuwarsu, ko unguwarsu, ko sunayen 'ya'yansu ƙanana a intanet. Kada kuma ka saki zanen a lokacin da ake takarar sarauta ko rikicin gado, domin nan take zai zama makami a hannun wani ɓangare, kai kuma a sa ka a sahun da ba ka shiga ba.

Kafin ka buga komai, ka naɗe kwalin ka koma gidan. Ka shimfiɗa shi a zaure ka karanta wa maza, sannan a shiga da shi ciki a karanta wa mata, da babbar murya, suna bayan suna. Za a yi gardama, za a tuno wata gwaggo da aka aurar Daura wadda kowa ya manta, wani zai tashi ya ɗauko tsohuwar wasiƙa daga ƙasan adaka. Ka tafi da biro ukun nan, ka kuma bar fili a gefen dama na takardar.